Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Jan Hankali Ga Masu Gidaje

Duk ɗan kasuwar da ya sami buɗi a ƙasar nan, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne ya sayi fili ko ya gina gida. Haka abin yake ga 'yan kasuwarmu mazauna Agege da Idi-Araba a Legas, da na unguwar Sabo a Ibadan, da na Fatakwal da Abuja. Dalilin kuwa a fili yake. Darajar naira tana zubewa, kaya suna iya lalacewa ko su yi kwantai, amma gini yana nan inda aka bar shi. Saboda haka gida ya zama asusun ajiya, wanda mai shi ke sa ran komawa gare shi ranar da kasuwa ta juya baya.

Sai dai kuma da yawa daga cikin masu gidaje ba su gane cewa asusun nan yana da makulli ba sai ranar da buƙata ta taso. A ranar ne mutum zai tarar takardun gidansa ba su cika ba, ko sunansa ya ɓaci a wajen bankuna, ko kuwa mai saye ya ja da baya saboda ya lissafa abin da gidan zai riƙa ci na wutar lantarki. Ra'ayinmu a nan shi ne, abubuwa uku ne ke mayar da gini ya zama kuɗi: ingancin takarda, da tsabtar suna a harkar bashi, da sauƙin ɗawainiyar gidan. Dukansu kuwa ba a gyara su cikin gaggawa, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Takarda ita ce gida

Tushen maganar mallakar ƙasa a Nijeriya shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa. Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta yadda abin da mai gida ya mallaka a birni shi ne izinin zama, wanda akasari akan bayar na tsawon shekara 99. A Abuja kuwa, Ministan Babban Birnin Tarayya ne ke riƙe da wannan iko. Sashe na 22 na dokar ya hana mai izinin zama ya sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa wa wani ba tare da amincewar gwamna ba, sannan sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar rusasshe ne.

Wannan ba magana ce ta fatar baki ba. A shekarar 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, inda ta rushe jinginar wata kadara a Legas saboda ba a nemi amincewar gwamna ba, duk kuwa da cewa mai kadarar ya mallake ta tun kafin a kafa dokar. Hukunce-hukuncen da suka biyo baya sun yi sassauci, sun yarda a ƙulla yarjejeniya kafin amincewar ta fito, amma mallaka ba ta kammala komawa hannun mai saye sai ta fito. Tun daga wancan lokaci bankuna da manyan masu saye suka koyi darasi, ba su ƙara yin wasa da takarda ba.

Abin takaici shi ne, yawancin gidajen 'yan kasuwarmu a kudu an saye su ne da rasidi guda da sa hannun shaidu biyu ko uku, aka jefa takardar cikin akwati, aka ci gaba da harkoki. Muddin mutum yana zaune a ciki, babu mai tada maganar. Amma ranar da ya kai gidan kasuwa, lauyan mai saye zai tambayi takardar shaidar mallaka, da takardar miƙa mallaka mai rajista, da taswirar safiyo, da izinin gini. Idan babu su, ko dai cinikin ya wargaje, ko mai saye ya yi tayin wulakanci, domin ya san shi ne zai ɗauki wahalar gyaran.

Shawarar da za mu bayar ita ce, mai gida ya binciki gidansa da kansa tun bai yi niyyar sayarwa ba. Ya sa lauya ya duba fayil ɗinsa a ofishin filaye na Alausa idan a Legas yake, ko a hukumar AGIS idan a Abuja ne, ko a ma'aikatar ƙasa ta jiharsa. Ya tabbatar filin bai faɗa cikin wurin da gwamnati ta keɓe wa kanta ba, bai hau kan hanyar ruwa ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ba. Ya biya harajin ƙasa da na gini da ake binsa, ya adana rasidai. Idan filin na dangi ne a ƙasar Yarbawa, ya duba ko shugaban dangin da manyansu sun sa hannu a cinikin farko, domin a al'adarsu ɗaya daga cikin 'ya'yan gida ba shi da ikon sayar da filin dangi shi kaɗai. Jihar Legas ta kafa doka a 2016 don hukunta masu ƙwacen filaye da ake kira omo-onile, amma doka tana taimakon mai hujja ne a hannu.

Haka nan gidan gado. Sau da yawa magada sukan bar gida da sunan mamaci shekara da shekaru, har wasu daga cikinsu su rasu, 'ya'yansu su shigo cikin rabon. Gida irin wannan ba ya sayuwa da daraja, domin babu mai son ya sayi rigima da kuɗinsa. Wajibi ne a raba gado da wuri, a sami takardar kotu, a kuma rubuta yardar kowane magaji.

Ranar ciniki

Idan takardu sun kammala, saura farashi. Kuskuren da aka saba yi shi ne mai gida ya sa kuɗi bisa abin da ya ji an ce wane ya sayar da nasa. Ya fi dacewa a biya ƙwararren mai kimanta kadara mai rajista ya ba da rahoto a rubuce. Gidan da aka tsawwala wa kuɗi yakan daɗe a kasuwa har mutane su fara zargin akwai wata matsala a tattare da shi. Game da dillalai kuwa, a zaɓi ɗaya ko biyu, a rubuta la'adarsu tun farko. Idan gida ya shiga bakin dillalai goma, kowa zai ɗora nasa, farashi ya zama iri-iri, sannan kwafin takardun ya bazu a gari. Ta irin wannan kafa ce 'yan damfara ke sayar da gidan da ba nasu ba, abin da ya sa bangayen Legas suka cika da rubutun gargaɗi cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne.

Gyaran da za a yi kafin sayarwa shi ne wanda ido ke gani kuma hankali ke tsoro: yoyon rufi, da tsagewar bango, da toshewar magudana, da lalatattun wayoyin wuta, sai kuma fenti. Kashe miliyoyi wajen ƙawa ba ya dawowa a farashi, domin mai saye yana da nasa ra'ayin. Idan akwai 'yan haya, a yi musu adalci tun da wuri. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ba ɗan hayar shekara notis na wata shida idan babu wata yarjejeniya ta dabam, kuma mai saye yana son ya san ranar da zai karɓi makulli.

Wajen karɓar kuɗi akwai abubuwa biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuwa miliyan 10. Al'adar ƙirga kuɗi a buhu a gaban shaidu ta zama laifi a cinikin gida. A biya ta banki, kuma kada mai gida ya saki takardun asali saboda saƙon da ya gani a wayarsa, sai bankinsa ya tabbatar masa kuɗin sun zauna a asusu. Na biyu, a yi hattara da biyan kashi-kashi. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. A irin wannan yanayi, naira miliyan 50 da aka jinkirta biya na shekara guda ba za ta sayi abin da ya wuce na kimanin miliyan 37 ba. Wanda ya yarda da jinkiri ba tare da sharaɗi ba, ya yi rangwamen da bai yi niyya ba.

Akwai kuma haraji. Shekaru da dama harajin ribar sayar da kadara kashi 10 ne cikin ɗari, amma sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 sun sauya tsarin. Ya kamata mai sayarwa ya zauna da akanta kafin ya yanke farashi, musamman da yake hukuncin gidan da mutum ke zaune a ciki ya bambanta da na gidan haya.

Bashi hanji ne

Makulli na biyu shi ne sunan mai gida a wajen masu ba da bashi. A da, ɗan kasuwa yana iya cin bashin wannan banki ya koma wancan ya buɗe sabon asusu, babu wanda ya sani. Wannan zamani ya wuce. Tun watan Fabrairu na 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN, wadda ta ɗaure dukkan asusun mutum da zanen yatsunsa. A 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a dokar tattara bayanan bashi. Kamfanoni uku ne ke da lasisin wannan aiki, wato CRC Credit Bureau da FirstCentral da CreditRegistry, kuma bankuna sukan duba rahotonsu kafin su ba da rance. Bugu da ƙari, daga watan Agusta na 2020 tsarin GSI ya ba banki damar cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum da ke wasu bankuna.

Ma'anar wannan ita ce, ɗan ƙaramin rancen da mutum ya ci ta wayar hannu ya manta da shi yana iya hana shi rancen miliyoyi, ko da gidansa ya kai darajar ninkin abin da yake nema. Doka ta ba kowa damar karɓar rahoton bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara, da kuma damar ƙalubalantar kuskure. Kamata ya yi duba wannan rahoto ya zama al'ada kamar ƙidayar kayan shago. Akan sami bashin da aka riga aka biya amma ba a goge ba, akan kuma sami wanda wani ya ci da sunan mutum. Saboda haka lambar BVN da lambar shaidar ɗan ƙasa da lambar sirrin da banki ke turowa ta waya ba abin ba yaron shago ba ne, balle baƙon da ya bugo waya ya ce shi ma'aikacin banki ne. Layin wayar da ke ɗaure da asusu idan ya ɓace, a toshe shi a ranar.

Babban ramin da ya fi cinye gidajen mutanen kirki shi ne tsaya wa wani. Zumunci da kunya sukan sa mutum ya sa hannu ya lamunci bashin ɗan'uwa ko aboki, ko ma ya ba shi aron takardar gidansa ya kai banki. A idon doka, ajiye takardar gida a banki domin a ba da rance jingina ce, kuma wanda ya tsaya wa mai bashi ya ɗauki alkawarin biya idan wancan ya gaza. Idan jinginar mai rajista ce, banki yana iya sayar da gidan bayan ya ba da sanarwar da ta wajaba. Hukumar AMCON da aka kafa a 2010 don sayen basussukan da suka maƙale ta karɓe kadarori masu yawa ta wannan hanya. Wanda yake son taimakon ɗan'uwansa ya ba shi abin da zai iya yafewa, ya bar takardar gidan iyalinsa a inda take.

Wanda kuma zai jinginar da gidansa don jarin kansa, ya yi lissafi da idon basira. A watan Nuwamba na 2024 Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa zuwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuwa sukan ɗora nasu a kai. Sana'o'in da ribarsu ke iya ɗaukar irin wannan nauyi ba su da yawa. Akwai hanyoyi masu sauƙi da ya kamata a fara dubawa, kamar Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ke ba masu zuba gudummawa rancen gida a kan kashi 6 cikin ɗari ta hannun Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya, da kuma bankunan da ba su ta'ammali da ruwa irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012. Idan an gama biya, a karɓi takardar sakin jingina, a kai ta ofishin filaye a yi mata rajista. In ba haka ba, fayil zai ci gaba da nuna gidan yana hannun banki. Kada kuma a manta da inshorar gobara ko takaful, domin gidan da ya ƙone bashinsa ba ya ƙonewa tare da shi.

Sanyi mai tsada

Mai karatu zai iya mamakin abin da ya haɗa na'urar sanyaya ɗaki da maganar takarda da bashi. Abin da ya haɗa su shi ne kuɗin wuta. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga farashin wuta ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kan kowane kilowat na awa guda. An ɗan rage daga baya, ya tsaya a naira 209.5 a watan Yuli na wannan shekarar. Kafin nan, janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya riga ya ninka kuɗin tada janareto.

Lissafin ba shi da wuya. Iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan kimanin kilowat 1.2 idan injinta yana aiki. Idan injin ya yi awa 8 kullum har kwana 30, ya ci kilowat 288. A tsohon farashi kuɗinsa bai kai naira 20,000 ba, amma a farashin Yulin 2024 ya haura naira 60,000. Gidan da ke da guda huɗu yana iya ƙone kusan naira 240,000 a wata a kan sanyi kaɗai. Mai saye ko ɗan haya mai hankali yanzu yakan tambayi rukunin wutar unguwa, da irin na'urorin da ke maƙale a bango, da ko akwai mitar kati, kafin ya yi tayi.

Akwai matakan da ke rage wannan asara. Da farko a sayi na'ura daidai girman ɗaki. Ƙarama a babban falo za ta yi ta aiki babu hutu, ta mutu da wuri. Babba a ƙaramin ɗaki kuwa za ta sanyaya iska nan da nan ta tsaya kafin ta tsotse laima, abin da ke jawo fumfuna a bango da tufafi a garuruwa masu danshi irin Legas da Fatakwal. Na biyu, samfurin inbata, wanda injinsa ke rage gudu maimakon ya riƙa mutuwa yana tashi, ya fi tsada a kanti amma ya fi sauƙin wuta, ya kuma fi dacewa da janareto da wutar sola. Na uku, a bar ma'aunin sanyi a kan 24 ko 25, a haɗa da fanka. Saukar da shi zuwa 16 ba ya sa ɗaki ya yi sanyi da sauri, sai dai ya hana injin hutawa.

Kulawa ma tana da nata rabo. A wanke ragar tace ƙura kowane mako biyu zuwa huɗu, musamman lokacin hunturu. A sa ɓangaren waje a inuwa inda iska ke ratsawa, a riƙa wanke shi a unguwannin bakin teku inda gishirin iska ke cin ƙarfe. A sani kuma cewa gas ɗin na'ura ba ya ƙarewa kamar mai. Idan ya ragu, akwai inda yake zurara, kuma mai gyaran da ke zuwa yana ƙara gas ba tare da ya toshe kafar ba kuɗin mai gida kawai yake ci. Kowace na'ura ta sami nata layin waya mai kauri da makashinta, da abin daidaita ƙarfin wuta, domin ɗora ta a kan siraran wayoyi yana daga cikin abubuwan da ke haddasa gobara.

Game da na'urorin hannu da ake kira tokumbo, araha ba ta ado. Yawancinsu suna aiki ne da gas samfurin R22, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyarenta suka tsara ƙasashe masu tasowa su daina amfani da shi nan da 2030, in ban da ɗan kaɗan na gyara. Sababbin na'urori sun koma R410A da R32. Wanda kuma yake gini, ya tuna cewa silin mai kyau, da rufi mai haske, da tagogi masu fuskantar juna, da bishiya a gefen yamma, suna rage zafi ba tare da mita ta motsa ba.

Kira ga hukumomi

Ba mai gida kaɗai ke da aiki a gabansa ba. Muddin neman amincewar gwamna yana ɗaukar watanni, kuɗinsa kuma yana da nauyi, jama'a za su ci gaba da ciniki da rasidi a bayan fage, gwamnati ta yi asarar haraji, dukiya mai yawa ta zauna daskare ba ta iya zama jari. Ya kamata gwamnatocin jihohi su rage kuɗin rajista, su ƙayyade wa'adin fitar da takarda, su kuma hukunta jami'in da ya riƙe fayil. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan Hausawa na garuruwan kudu su ma suna iya ɗaukar lauya na haɗin gwiwa da zai duba takardun mambobinsu a farashi mai rahusa.

Kafin a kai ga haka, abin da ke hannun mai gida bai fi ƙarfinsa ba. Ya buɗe akwati ya duba takardunsa a wannan wata, ya nemi rahoton bashinsa, ya kuma zauna ya lissafa abin da mitarsa ke ci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ɗinke tsaga tun tana ƙarama ya fi arha a kan tada sabon gini.